Kwas ɗin Horar da Kociyoyin Rayuwa a Kumasi: Karatun Yana da Amfani, Takardar Ba Ta da Nauyi

A 'yan shekarun nan tallar kwasa-kwasan horar da kociyoyin rayuwa ta yawaita a wayoyin mutanen Kumasi, har ta iso rukunonin WhatsApp na unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Tafo, inda matasan da suka gama jami'a suka yi hidimar ƙasa suka dawo gida babu aiki suke tura wa juna ita. Na halarci ɗaya daga cikin waɗannan kwasa-kwasai tun daga farkonsa har ƙarshensa, a wata cibiya mai zaman kanta da ke hayar ɗakin taro a wajen Adum, kuma da yake 'yan'uwa da abokan aikina na koyarwa suna yawan tambayata ko su ma su biya, na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya a tsanake. Ba zan kama sunan cibiyar ba. Hukuncina dai shi ne, abin da ake koyarwa a cikin aji sana'a ce ta gaske wadda ta cancanci a kashe mata kuɗi, amma abubuwa biyun da aka fi ɗaga murya a kansu a cikin tallar, wato takardar shaida da alkawarin samun abin dogaro, su ne mafi rauni a cikin abin da mutum zai saya.

Aikin kocin rayuwa shi ne ya zauna da mutum mai lafiya wanda ya tsaya a mararraba, ko kan sana'a, ko karatu, ko kuɗi, ko tafiyar da lokaci, ya yi masa tambayoyi har mutumin ya gano abin da yake so da matakin da zai fara ɗauka, sannan ya bibiye shi a zama na gaba ya ji ko ya aikata. Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A Amurka ta samu siffarta ta yanzu, inda Thomas Leonard, wanda asalinsa mai ba mutane shawara ne kan tsarin kuɗinsu, ya kafa makarantar Coach U a 1992, sannan ya kafa ƙungiyar kociyoyi ta duniya da ake kira ICF a 1995. Ba a buƙatar digiri kafin mutum ya kira kansa koci, shi ya sa ƙofar take buɗe ga mai gaskiya da mai neman na abinci ta kowace hanya, kuma shi ya sa duk wanda zai biya kuɗin horo ya kamata ya san takamaimai abin da ake sayar masa.

Tsarin kwas ɗin bai da wuyar bi ga mai aiki. Ana haɗuwa ido da ido ranar Asabar daga safe zuwa la'asar, a kuma yi zama ɗaya na dare a tsakiyar mako ta Zoom. Ɗakin yana da tsabta da fankoki, akwai janareta idan wuta ta ɗauke, kuma ana fara darasi a kan lokaci, wanda ke nufin mai fitowa daga Aboabo ko Sawaba sai ya sammako kafin motoci su cunkushe a hanyar Kejetia. Babu wurin salla da aka tanada, kuma hutun rana bai dace da Azahar ba, amma da mu Musulmin ajin muka yi magana sai aka gyara lokacin hutun aka ba mu wani ɗan ɗaki a baya ba tare da gardama ba, kuma na yaba da hakan. Zaman dare ne ya fi ba da wahala, domin yana cin data sosai, kuma ba a ajiye rikodinsa ga wanda layinsa ya yanke.

Batun kuɗi ne ya fara sa ni dakatawa. An rubuta farashin da dalar Amurka a takardar talla, aka ce za a lissafa shi da sidi, kuɗin Ghana, ranar biya, alhali Babban Bankin Ghana ya sha fitar da sanarwa cewa dokar musayar kuɗaɗen waje ta 2006 ta hana sa wa kaya ko aiki farashi da kuɗin waje a cikin ƙasa ba tare da izini ba. Duk wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya san illar ɗaukar bashin da aka ɗaure da dala. An yarda a biya kashi-kashi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wanda sauƙi ne, sai dai kashi na biyu yana iya fin na farko nauyi ko da lambar da ke kan takarda ba ta canja ba. Sai da na nace kafin aka rubuta mini jimillar da sidi aka ba ni rasit mai hatimi, kuma ina ba duk mai shiga shawarar ya yi haka tun kafin ya tura ko kwabo.

Inda kwas ɗin ya ci kuɗinsa shi ne atisaye. Shugabar horon, wadda ta daɗe tana aiki a sashen kula da ma'aikata na wani banki kafin ta koma wannan sana'a, ba ta ɓata lokaci wajen dogon jawabi. Takan raba mu uku-uku: ɗaya ya zama koci, ɗaya ya kawo wata damuwa ta gaske daga rayuwarsa, na uku ya zauna gefe da takarda yana rubuta duk lokacin da kocin ya katse magana, ko ya ba da shawara, ko ya juya zancen zuwa labarin kansa. Bayan minti ashirin sai a karanta wa kocin abin da aka rubuta a gaban abokan zamansa. Kusan dukkanmu mun zo ne da tunanin cewa mun iya sauraro, domin a cikinmu akwai malaman makaranta, da fastoci, da ma'aikaciyar jinya, da wani ɗan'uwa mai wa'azi a masallacin unguwarsu, mutanen da kullum ake kawo musu ƙorafi. Takardar mai lura ta nuna cewa yawancinmu ba ma iya barin mutum ya kai ƙarshen jimla ta uku kafin mu fara gaya masa abin da ya kamata ya yi.

Wannan darasi ya fi yi wa irinmu nauyi, saboda mun tashi cikin al'adar nasiha. A wurinmu alamar ka damu da mutum ita ce ka gaya masa gaskiya, ka kawo masa aya da hadisi da misalin wane da wance, kuma wanda ya yi shiru yana kallonka bayan ka gama kukanka sai ka ɗauka bai ji zafinka ba. Nasiha tana da muhallinta, kuma ba na cikin masu raina ta. Abin da kwas ɗin ya nuna mana a aikace shi ne, mai damuwa sau da yawa ya riga ya ji nasihar daga mutum goma kafin ya iso gare ka, kuma abin da bai samu ba shi ne wanda zai ba shi fili ya ji maganar kansa da kunnensa. An horar da mu mu ƙirga numfashi biyar a zuci bayan mutum ya yi shiru kafin mu ce uffan, domin galibi maganar da ta fi muhimmanci tana fitowa ne bayan wannan shirun. An kuma hana mu tambayar da amsarta take e ko a'a, da tambayar da ta ɓoye shawara a cikinta, irin su "ba ka ganin ya fi ka koma makaranta?"

Tsarin da aka ɗora zaman a kansa shi ne wanda ake kira GROW, wanda John Whitmore, ɗan Ingila da ya taɓa zama direban tseren mota, ya yaɗa tun daga 1992. Matakai huɗu ne: a fara tantance abin da mutum yake son cimmawa, a duba halin da yake ciki a zahiri, a jero hanyoyin da ke gabansa, sannan a tsayar da abin da zai yi da ranar da zai yi shi. A kan allo abin kamar wasa ne, kuma wanda ya ce zai iya karanta shi kyauta a intanet bai yi ƙarya ba. Abin da ba a samu kyauta shi ne wanda zai saurari rikodin zamanka ya nuna maka daidai wurin da ka tsallake mataki na biyu ka yi gaggawar zuwa na huɗu. An sa kowannenmu ya naɗi zama biyu da mutanen waje, da izininsu, kuma shugabar ta saurare su da kanta ta rubuta gyara mai tsawo, minti bayan minti. Wannan gyaran shi ne abu mafi daraja da na karɓa daga cibiyar.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yarda na gwada da su wata dattijuwa ce mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, wadda ta ce matsalarta ita ce ciniki ya mutu kuma tana son ta san ko ta koma sayar da kayan abinci. Da a ce hira muke yi irin ta gida, da na fara lissafa mata ribar shinkafa da mai. Sai na bi tsarin na ce, "Hajiya, a cikin watan da ya wuce, kuɗin da ya shigo shagon ina da ina ya tafi?" Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta fara ƙirgawa da yatsu: zubin adashi biyu, ankon biki uku, kuɗin makarantar ɗan ƙanenta, da atamfofin da 'yan'uwa suka ɗauka bashi tun kafin Babbar Salla. Da ta gama sai ta ce, "Malama, ashe ba kasuwar ce ta mutu ba." Ita da kanta ta yanke cewa za ta sayi littafi ta rubuta masu bashi, ta kuma fita daga adashi ɗaya idan zagayen ya ƙare. Ban ba ta shawara ko ɗaya ba, kuma da na ba ta, da wataƙila ta saurare ni cikin ladabi ta tafi ta ci gaba da yadda take.

A wannan zaman ne kuma na fara ganin inda kayan karatun suka gaza. Littafin kwas ɗin da bidiyoyinsa duk an ɗauko su ne daga waje, kuma mutumin da suke zato shi ne wanda yake yanke hukuncin rayuwarsa shi kaɗai, wanda kuɗinsa nasa ne, lokacinsa nasa ne. Hajiyar nan ba za ta iya hana ɗan ƙanenta kuɗin makaranta don wani tsarin tanadi ba, kuma ba ta so ma ta hana. Budurwar da ke son karatun jinya a Tamale ba ita ce mai cewa ta ƙarshe ba, akwai uwa, akwai kawu, akwai wanda ya kawo gaisuwa. Lokacin da na tambaya a aji yadda koci zai yi da buri wanda cikarsa take hannun mutum biyar, amsar da na samu ita ce a taimaki mai burin ya koyi kafa iyaka tsakaninsa da danginsa. Wannan amsa tana iya yin aiki a wani wuri, amma kocin da ya shiga Zango da ita zai raba zumunci ya kuma rasa suna cikin wata guda. Abin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne a sa dangin a cikin lissafi tun daga mataki na biyu, a tambayi mutum wane ne a gidan yake jin maganarsa, kuma ta bakin wa saƙon zai fi shiga.

Haka nan darasin tsara burin shekara biyar ya zo da wani salo na cewa duk abin da ka ƙudurta a zuciya sai ya tabbata, wanda bai yi wa Musulmin ajin daɗi ba, kuma na lura wasu daga cikin Kiristocin ma sun ɗaure fuska. Mu mun san hadisin da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, saboda haka tsara gobe bai saɓa wa tawakkali ba, sai dai kwas ɗin bai san wannan ƙofar ba balle ya shiga ta cikinta. Dukkan atisayen da Turanci aka yi, da ɗan Twi idan an zo raha. Wanda zai yi aiki da Hausa sai ya koma gida ya sake gina tambayoyinsa da kansa, domin tambayar da ta fito a sarari da Turanci tana iya zama rashin kunya idan ƙarami ya jefa wa babba ita kai tsaye.

Gazawar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta iyakar sana'ar. Koci ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, ba kuma masanin halayyar ɗan Adam ba ne, amma mutanen da za su ƙwanƙwasa masa ƙofa ba su san wannan bambancin ba. Matar da ta ce tana son a taimaka mata ta tsara lokacinta tana iya kasancewa ba ta yi barci ba tun da ta haihu, saurayin da ya ce ya rasa ƙwazo yana iya kasancewa tramadol ne ya kama shi, kuma wadda ta ce tana son ta gyara zaman aurenta tana iya ɓoye tabon duka a ƙarƙashin mayafi. Kwas ɗin ya ba wannan babi rabin yini kacal, aka ce mana idan mun ga abin ya fi ƙarfinmu mu tura mutum wurin ƙwararru, ba tare da an koya mana alamomin da za mu lura da su ko an gaya mana ƙofar da za mu nuna ba. Ba a ambaci cewa dokar hukumomin kula da ma'aikatan lafiya ta 2013, mai lamba 857, ta kafa Majalisar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Ghana ba, wadda ita ce ke yi wa masana da masu ba da shawara rajista, ta yadda kocin da ya rubuta a allonsa cewa yana warkar da damuwa ko yana sasanta ma'aurata a matsayin ƙwararre ya shiga gonar da ke da mai ita. Ba a ambaci dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ba, ko sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke nan cikin gari, ko sashen 'yan sanda na DOVVSU mai karɓar ƙorafin cin zarafi a cikin gida. Ma'aikaciyar jinyar da ke ajinmu ce ta tashi ta cike wannan giɓi, har ta tunatar da mu cewa tun 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka babu dalilin da zai sa a ɓoye mai irin wannan tunani maimakon a kai shi asibiti. Bai kamata ilimi irin wannan ya dogara ga sa'ar wanda ya zauna kusa da kai ba.

Riƙon sirri ma an taɓa shi sama-sama, alhali a unguwa irin tamu, inda kocin da mai zuwa wurinsa za su haɗu a suna ranar Lahadi su kuma haɗu a jana'iza ranar Talata, shi ne jarin sana'ar gaba ɗaya. Wanda zai ajiye rikodin murya da bayanan mutane a wayarsa ya kamata a gaya masa cewa akwai dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, da hukumar da ke kula da ita.

Sai takardar shaida, wadda tallar ta ce ta ƙasa da ƙasa ce. Takarda ce mai kyan gani, da zanen zinariya da hatimi, amma abin da take shaidawa shi ne ka halarci kwas ɗin cibiyar, ba wani abu ba. Shaidar ICF, wadda kamfanoni da ƙungiyoyin waje suka fi tambaya, tana da matakai uku da sharuɗɗa sanannu. Matakin farko, ACC, yana buƙatar aƙalla awa 60 na karatu, da awa 100 na zama da mutane wanda 75 daga ciki na biya ne, da awa 10 a ƙarƙashin gogaggen koci cikin wata uku ko fiye, sannan jarrabawa. Na biyu, PCC, yana buƙatar awa 125 na karatu da awa 500 na aiki, na uku kuwa, MCC, awa 200 na karatu da awa 2,500 na aiki, kuma kowanne ana sabunta shi duk shekara uku. Tsarin ya yi kama da na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda ba a kiran yaro masta don ya riƙe takarda sai ya shafe shekaru a ƙarƙashin mota mai gidansa yana kallon hannunsa. Awannin kwas ɗinmu ba su kai 60 ba, kuma da na nemi sunan cibiyar a jerin makarantun da ICF ta amince da su, wanda kowa zai iya dubawa a shafinta kyauta, ban same shi ba. Da na kai maganar ofis sai aka ce mini shugabar ce take da rajista da ƙungiyar, kuma darussan sun bi tsarinta. Wannan yana iya zama gaskiya, amma zaman malami mamba daban yake da amincewa da makaranta, kuma tallar an rubuta ta ne ta yadda mai karatu zai haɗa biyun.

Makonnin ƙarshe an ba da su ga neman kasuwa, kuma a nan ne yanayin ajin ya canja daga makaranta zuwa wurin talla. An kawo wani baƙo ya koya mana ɗaukar hoto da kwat, da sa gajerun bidiyoyi a Instagram da TikTok, da yadda za a ba da zaman farko kyauta sannan a sayar da zama shida a dunƙule. An nuna mana lissafi a allo cewa kwastoma goma a wata sun isa su fi albashin malamin makaranta, ba tare da an ce ga inda goman za su fito ba. Da na gaya wa mahaifiyata abin da nake koyo, tambayarta ɗaya ce: "Yanzu har sauraron mutum ma sai an biya?" Na ce, "Mma, a wasu wurare ana biya." Tambayarta ita ce ainihin matsalar kasuwar. A Zango mai damuwa yana da liman, yana da malamin makarantar allo, yana da gwaggo da aminiya da majalisar masu shan ataya, kuma duk cikinsu babu mai yanka masa farashi. Ko an kai wa malami wani abu, sadaka ce ko alheri, ba kuɗin awa ba. Matashin da ya fi kowa buƙatar koci shi ne wanda ba shi da kuɗin trotro, wato motar haya.

Masu biya suna nan, amma ba inda baƙon ya nuna ba. Kamfanoni da bankuna suna ɗaukar kociyoyi don manajojinsu, kuma su ne za su fara tambayar shaidar da kwas ɗin bai bayar ba. Ƙungiyoyin da ke horar da matasa da mata kan sana'a sukan buƙaci mai bibiyar waɗanda suka horar, makarantu masu zaman kansu sukan so mai zama da ɗalibai kan zaɓen fanni, kuma 'yan'uwanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka suna iya biyan wanda zai saurare su da harshen gida ta waya. Duk waɗannan ƙofofi suna buɗewa ne ga wanda yake da wata ƙwarewa tun asali, malami ko akanta ko ma'aikacin lafiya ko tela da ya yaye yara, wanda ya ɗora aikin koci a kan abin da aka riga aka san shi da shi. A ranar rufewa kuma aka sanar da kwas na gaba, mai tsada fiye da wannan, wanda zai ba mutum damar horar da wasu kociyoyin, tare da ragi ga duk wanda ya kawo mutum biyu. Sana'ar da hanyar samun kuɗinta mafi sauƙi ita ce koya wa wasu ita, tana buƙatar a dube ta da ido biyu.

Ɓangaren rajistar kasuwanci gajere ne amma daidai yake. An bayyana cewa mai aiki shi kaɗai zai yi rajistar sunan kasuwanci a Ofishin Magatakardan Kamfanoni ya riƙa sabuntawa duk shekara, cewa tun 2021 lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajin mutum a hukumar GRA, kuma ya kamata a raba layin MoMo na aiki da na gida. An ba mu samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya da ke fayyace yawan zama da kuɗi da sharaɗin fasawa, kuma na same shi da amfani bayan na sauƙaƙa harshensa.

Wanda yake da aiki a hannu kuma mutane suke kawo masa matsalolinsu, malami ne ko limami ko shugabar ƙungiyar mata ko mai gida a gareji, zai fita daga wannan kwas ya fi yadda ya shiga, muddin kuɗin ba bashi ya ci ba. Wanda ya gama jami'a yake zaune, yake tunanin sayar da wayarsa ko karɓar kuɗin adashin uwarsa don ya sayi sana'a cikin ɗan lokaci, ban ga abin da zai mayar masa da kuɗinsa a nan kusa ba, kuma wanda yake nufin aiki da kamfanoni gara ya tara ya shiga makarantar da sunanta yake cikin jerin ICF ko da ta intanet ce. Kafin a biya kowace cibiya, a tambayi yawan awannin da za a rubuta a takardar, a tambayi sau nawa malami zai saurari zamanka ya yi maka gyara a rubuce, a nemi a haɗa ka da mutum biyu da suka gama bara ka ji ko akwai mai biyansu, a kuma karɓi farashi da sharaɗin mayar da kuɗi da sidi a kan takarda. Ni ban yi rajistar kwas na biyun ba. Ina nan a ajina, kuma ranar Laraba bayan an tashi nakan zauna da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ɗaya bayan ɗaya kan makarantun da za su zaɓa kafin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, iyayen da suka samu dama kuma sukan zo su zauna tare da mu.